Yadda Ake Tayar da Kiɗan Tsohon Wasan Waƙe da Aka Manta da Shi

Daga shekarun 1920 zuwa farkon shekarun 1960, gidajen wasa na Broadway a New York da na West End a Landan sun fitar da ɗaruruwan wasannin kwaikwayo irin waɗanda ake cikin magana sai a tsaya a rera waƙa, a taka rawa, sannan a koma kan labari. Kaɗan ne daga cikinsu har yau ake jin sunansu. Sauran sun yi 'yan watanni a dandamali, aka sauke labule, aka tattara takardun kiɗan aka zuba a akwatuna. Da yawansu ba rashin daɗin kiɗa ne ya kashe su ba. Wani labarinsa ne ya yi rauni, wani kuma kuɗin ɗaukar nauyinsa ne ya fi ƙarfin masu shi. Duk wanda ya ƙuduri aniyar sake ɗora irin wannan wasa a gaban 'yan kallo, aikinsa na farko shi ne gano abin da aka rubuta tun asali, na biyu kuma ya daidaita shi da makaɗan da yake da su ba tare da ya canza masa kamanni ba. Ga yadda ake bi.

Kada ka dogara da faifai

Yawanci ta faifai mutum ke fara sanin irin wannan wasa, kuma faifan ne ke fara yaudararsa. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti, mai faɗin inci 10, minti uku da 'yan daƙiƙu yake ɗauka a kowace fuska. Dogon faifan da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948 ya kai minti ashirin da ɗoriya a kowace fuska, wato ƙasa da sa'a ɗaya gaba ɗaya. Wasan kuwa ya fi sa'a biyu. Saboda haka masu ɗaukar faifai sukan yanke kiɗan rawa, su jefar da shimfiɗar waƙa, wato ɓangaren gabatarwa da ke zuwa kafin ainihin waƙar, su ƙara sauri don komai ya shiga, wani lokaci ma su ƙirƙiro wa waƙa ƙarshen da ba ta da shi a dandamali.

The Golden Apple na Jerome Moross da John Latouche, wanda aka fara a New York a 1954, ya isa misali. Wasa ne da ake rerawa tun daga farko har ƙarshe, babu maganar baki a tsakani, amma faifan da aka ɗauka a wancan lokaci faifai ɗaya ne tak, ko rabin kiɗan bai ɗauke ba. Sai a 2015 aka fitar da cikakkensa. Shekara sittin ke nan masu sauraro suna yanke masa hukunci da guntu.

Akwai kuma matsalar kii, wato matakin tsayin sauti da aka ɗora waƙa a kai. Tsofaffin faifan garmaho ba duka aka ɗauka a juyi 78 daidai ba, kuma bambancin kashi 6 cikin 100 a saurin juyi yana ɗaga sauti ko ya sauke shi da rabin mataki, wato tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sauti biyu a fiyano. In ka ji waƙa a faifai tana kii daban da na takarda, ka fara zargin faifan. Amfaninsa shi ne ya nuna maka yadda mawaƙan zamanin ke furta kalmomi, inda suke numfashi, da yadda makaɗa ke lanƙwasa kiɗa. Wannan kam babu takardar da za ta koya maka shi.

Tattara takardu, ka san matsayin kowace

Takardun irin wannan wasa hawa-hawa ne, kuma rikita su shi ne tushen yawancin kurakurai. Akwai 'yan waƙoƙin da aka buga don sayarwa ga masu fiyano a gida. Waɗannan an sauƙaƙa su, an sauya musu kii zuwa wanda kowa zai iya rerawa, don haka sheda ce mai rauni. Akwai littafin murya da fiyano na wasan gaba ɗaya. Sama da shi akwai littafin madugun makaɗa, wanda ke ɗauke da ƙananan alamu na wane kayan kiɗa ke shiga a ina da kuma maganar ɗan wasa da ake jira kafin a tayar da kiɗa. Sai babban littafi na mai rabon kiɗa, inda kowane kayan kiɗa ke da layinsa. Daga ƙarshe akwai littattafan makaɗa ɗaya-ɗaya, waɗanda aka ɗora a gabansu kowane dare a ramin makaɗa, wato wurin zamansu a ƙasa gaban dandamali.

A san cewa a Broadway mai tsara waƙa ba kasafai yake rarraba kiɗan da hannunsa ba. Yakan miƙa waƙar da fiyano, wani gwani ya raba ta ga kayan kiɗa. Robert Russell Bennett ne ya yi wannan aiki a Show Boat na 1927 da Oklahoma! na 1943, kuma akwai irinsu Hans Spialek da Don Walker. Kiɗan rawa ma sau da yawa hannu na uku ne ke haɗa shi, kamar Trude Rittmann da ta yi wa wasannin Richard Rodgers da dama. Idan ka ga salon rubutu ya canza a tsakiyar littafi, ba lallai kuskure ba ne.

Inda ake nema: kamfanonin ba da hayar wasanni irin su Concord Theatricals, wanda tsohon kundin Tams-Witmark ke hannunsa yanzu, da Music Theatre International, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a Washington, sashen wasanni na laburaren jama'a na New York da ke Lincoln Center. In wasan na Ingila ne, Laburaren Birtaniya na ajiye da rubutun wasannin da aka miƙa wa ofishin tace wasanni har zuwa 1968, kuma wannan yana taimakawa wajen sanin jerin waƙoƙi da baitocinsu na daren farko. Kada kuma a yi saurin cewa abu ya ɓata. A 1982 an gano akwatuna kusan 80 na rubutattun kiɗa a wani rumbun kamfanin Warner Brothers da ke Secaucus a jihar New Jersey, cikinsu har da ayyukan masu tsara waƙa George Gershwin da Jerome Kern da Cole Porter da aka ɗauka sun salwanta. Da irin waɗannan takardu madugun makaɗa John McGlinn ya ɗauki cikakken Show Boat wanda aka fitar a 1988.

Kafin ka taɓa ko alama ɗaya, ka warware maganar haƙƙin mallaka. A Amurka, aikin da aka buga a wancan zamani yana fita daga kariya bayan shekara 95, a ranar 1 ga Janairu. Ayyukan 1927 sun fita a farkon 2023. A Birtaniya ana ƙirga shekara 70 daga rasuwar marubucin. Amma sabon rabon kiɗa da aka yi wa wasan daga baya yana da nasa haƙƙin daban, haka ma rubutun da ba a taɓa bugawa ba. In kuma haya ka ɗauka, yarjejeniyar yawanci tana hana yanke waƙa, sauya kalmomi ko rage kayan kiɗa sai da izini a rubuce. Wasu tsofaffin wasannin na da baitoci na wulaƙanta baƙar fata ko wasu al'ummomi waɗanda ba za su reru a yau ba. Ka lissafa su tun farko, ka haɗa su cikin buƙatar izinin, kada ka bari sai ana saura mako guda.

Gwama takardun gaɓa da gaɓa

Nan ne aikin yake da cin rai, kuma nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Gaɓa ita ce abin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a takardar kiɗa. Ka ɗauki littafin madugu, ka sa wa kowace gaɓa lamba daga farkon kowace waƙa zuwa ƙarshenta. Sannan ka ƙirga gaɓoɓin wannan waƙar a littafin kowane makaɗi. In littafin madugu ya ce 84, na mai kakaki ya ce 76, to an yanke gaɓa takwas a wani wuri, kuma dole ka gano wurin kafin ranar bita, in ba haka ba rabin makaɗanka za su gama waƙa su bar sauran a hanya.

Irin wannan saɓani yana da dalili. Kafin a kai wasa Broadway akan gwada shi a garuruwa kamar New Haven da Boston da Philadelphia, ana cire waƙa yau a saka wata gobe. Makaɗa sukan yi wa littattafansu gyara da fensir, su manna takarda a kan tsohon layi, su ja layi a kan abin da aka yanke. Bayan haka ayarin da ya zaga da wasan garuruwa ya sake nasa yankan. Don haka littafi ɗaya na iya ɗauke da gyaran zamani uku. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce: abin da aka rubuta da tawada shi ne asali, abin da littattafai da yawa suka yi tarayya a kai na fensir shi ne abin da aka buga a dandamali, abin da littafi ɗaya kaɗai ya nuna kuwa a ajiye shi gefe da alamar tambaya. Idan takarda manne take a kan wata, ɗaga ta gaban fitila; sau da yawa ana iya karanta na ƙasan ba tare da an ɓamɓare ba.

Ka zaɓi siga ɗaya ka tsaya a kanta, misali ta daren buɗewa a New York. Kwaɗayin mayar da duk waƙar da aka cire yana da ƙarfi, musamman in waƙar na da daɗi, amma sau da yawa an cire ta ne don ta tsayar da labari cak. A ganinmu wurin irin waɗannan waƙoƙi shi ne taron rera waƙoƙi zalla ko faifai.

Idan littafin wani makaɗi ya ɓace gaba ɗaya, ana sake gina shi daga ƙananan alamun littafin madugu, daga alamun shiga da aka rubuta a littattafan maƙwabtansa, da kuma faifai in akwai. Duk abin da ka ƙara da kanka ka rubuta shi da ƙananan alamu ko wani launi, don wanda zai zo bayanka ya bambance naka da na asali. Manhajojin MuseScore, Sibelius ko Dorico duk suna yin aikin, kuma MuseScore kyauta ne.

Rage makaɗa

Ramin makaɗa na wancan zamani yakan ɗauki mutum 25 zuwa 30: masu bayolin da celo da bes, masu busa huɗu ko biyar waɗanda kowannensu ke sauya kaya tsakanin sarewa da kilarinet da saksofon da obo, kakaki biyu ko uku, turombon, ƙahon Faransa, mai ganga, wani lokaci da fiyano. Wasannin shekarun 1920 sukan ƙara banjo, wasu ma da fiyano biyu, kamar Lady, Be Good! na 1924. Shirin Encores! na farfaɗo da tsofaffin wasanni da aka fara a New York City Center a 1994 ya yi suna ne da mayar da cikakken wannan sauti. Ƙungiyoyi kaɗan ne ke da halin haka.

Da mutum tara ana iya riƙe kamannin kiɗan: fiyano, bes, ganga, masu busa biyu masu sauya kaya, kakaki, turombon, bayolin da celo. Wajen rabon, ka fara da layin bes da bugun ganga, don su ne ƙafafun rawa. Sai ka nemo layin da ke ƙarƙashin waƙar, wanda yawanci celo ko ƙaho ke ja a hankali. Wannan layi shi ne sa hannun mai rabon kiɗa, kuma shi ne farkon abin da masu gaggawa ke zubarwa. Bayan shi sai 'yan amsoshin da ke cike gibi. Yawancin waƙoƙin zamanin gaɓa 32 ne, kashi huɗu na takwas-takwas, na farko da na biyu da na huɗu iri ɗaya, na uku ya bambanta. A gaɓa ta bakwai da ta takwas na kowane kashi mawaƙi kan riƙe dogon sauti, makaɗa su ba shi amsa. Kada ka taɓa barin wurin fayau. Sauran cikon sauti ka bar wa fiyano.

Kurakuran da aka fi yi a nan guda uku ne, kuma na farkon ya fi muni. Wasu kayan busa ba sa fitar da sautin da aka rubuta musu. Kilarinet da kakaki na yau da kullum suna sauka rabin mataki biyu ƙasa da abin da ke takarda, ƙahon Faransa bakwai, saksofon alto tara, saksofon teno goma sha huɗu. Tsofaffin littattafai kuma sukan yi amfani da wani kilarinet mai saukar rabin mataki uku. In ka kwashe layin ƙaho ka ba celo ba tare da ka mayar da shi sautinsa na gaskiya ba, za a ji kamar waƙa biyu ake bugawa lokaci guda. Duba saman kowane shafi, don mai kilarinet na iya sauya kaya daga waƙa zuwa waƙa. Na biyu, mai busa yana buƙatar lokacin ajiye sarewa ya ɗauki saksofon. Ba shi aƙalla gaɓa huɗu a matsakaicin gudu, fiye da haka in kiɗan na sauri ne. Na uku, kakaki ɗaya yana danne bayolin ɗaya ba tare da ya yi wani ƙoƙari ba. An rubuta layinsa ne don ya yi gogayya da bayolin shida ko takwas. Sa masa murfin baki a duk inda ake rera waƙa, ka sauke alamar ƙarfinsa da mataki ɗaya, ka bar shi ya buɗe a kiɗan rawa da ƙarshen waƙa.

Amfani da fiyanon lantarki don kwaikwayon tarin bayolin yana aiki ne kawai in akwai bayolin na gaske a samansa yana jan layin. Shi kaɗai, kunne na gane shi nan take.

Kii da murya

An rubuta waɗannan waƙoƙi ne don muryar da ba ta da makirufo. Shi ya sa jarumar wasa takan zama mai siririyar murya da ke hawa sama, jarumi mai kaurin murya matsakaiciya, mai ban dariya kuma ta rera da muryar ƙirji irin ta mawaƙiyar Broadway Ethel Merman. Mawaƙan yau da yawa sun saba da rera komai da ƙirji, sai su nemi a sauke musu kii. Saukewa da rabin mataki ɗaya ko biyu ba ta da illa sosai. Da zarar ta wuce uku, matsaloli na fitowa: bayolin ba ya sauka ƙasa da sautin G na ƙasan tsakiyar fiyano, sarewa ta tsaya a C na tsakiya, sautin ƙungiyar ya yi duhu ya cakuɗe da muryar da ake son a ji. Kuma waƙar ba ita kaɗai take ba. Kiɗan da ke shigar da ita, rawar da ke biye da ita, da maimaicinta a kashi na biyu na wasan duk an ɗinke su da kii ɗinta, sai an sake rubuta gadojin. Ya fi sauƙi a zaɓi mawaƙi da ya dace da kii ɗin tun wajen tantance 'yan wasa: ka ba kowa gaɓa 16 mafi tsauri na waƙoƙin matsayin da yake nema a wasan, a kii na asali.

Gudun kiɗa

In za a ba wa wannan aiki gargaɗi ɗaya kaɗai, to wannan ne: kada a ja waƙoƙin soyayya. Mawaƙan da suka zo daga baya sun ɗauki waƙoƙin shekarun 1920 da 1930 suna rera su a hankali, kunnenmu ya saba da hakan. A dandamali kuwa yawancinsu a gudun rawar fokstirot aka yi su. Duba alamar da ke farkon waƙa. In harafin C ne da layi ya ratsa shi, bugu biyu ake ƙirgawa a gaɓa, ba huɗu ba. Waƙa mai gaɓa 32 a bugu biyu, 60 a minti, tana ɗaukar daƙiƙa 64. Madugun da ya ƙirga huɗu a wannan saurin zai kai ta minti biyu da daƙiƙa takwas. Mawaƙi zai ƙare numfashi a tsakiyar jimla, amsoshin makaɗa su yi nauyi, wasan ya ƙara tsawo, 'yan kallo su fita suna cewa tsohon wasa ne mai sa barci, alhali ba haka aka rubuta shi ba.

Shimfiɗar waƙa, wato ɓangaren da ke gaban uwar waƙa, ita ce gadar da ke ɗauko ɗan wasa daga magana zuwa rerawa. A bar ta ta bi saurin magana, madugu ya bi mawaƙi. Da an shiga uwar waƙa sai mawaƙi ya bi madugu. Haka nan kada a sa wa kiɗan shekarun 1920 lanƙwasar jaz ta shekarun 1940. Bugunsa ya fi tsini da gajarta, ganga kuma ba ta da nauyi.

Kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin magana da agogo ake auna shi. A gudun 96 a minti, gaɓa mai bugu huɗu daƙiƙa biyu da rabi ce, don haka maganar daƙiƙa 40 na cin gaɓa 16. Tunda 'yan wasa ba sa magana da sauri ɗaya kowane dare, ka ware gaɓa biyu na ƙarshe a matsayin gaɓar jira, makaɗa su yi ta maimaita su har sai an faɗi kalmar da aka yi alkawari. Rubuta wannan kalma a littafin kowa. Kiɗan sauya fage ma haka: a auna lokacin da masu jan kaya ke ɗauka, a ƙara gaɓar jira.

Bita

A littattafan haya, fensir mai laushi kaɗai ake amfani da shi, kuma a goge komai kafin a mayar. Ka duba wurin juya shafi a kowane littafi, ya faɗo inda makaɗin ke hutu, ko a ƙara shafi mai ninki. Makaɗa su yi zama biyu su kaɗai, sa'a uku-uku, na farkon don kamo kurakuran rubutu kawai. Duk wanda ya ji sauti ya yi masa baƙo ya faɗi lambar gaɓa a gyara nan take. Zama na uku a haɗa su da mawaƙa ba tare da tufafin wasa ko motsi ba. A wannan zama ka tura mutum ya zauna a layin ƙarshe na kujeru da rubutun baitoci a rufe, ya ɗaga hannu duk inda kalma ta ɓace masa. Maganin ɓacewar kalma shi ne rage makaɗa a wurin, ƙara ƙarfin lasifika ba ya gyara ta.

In babu rami, aka ajiye makaɗa a bayan dandamali ko a gefe, ka tuna sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Tazarar mita 17 na jawo jinkirin kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, wanda ya isa ya sa 'yan amshi su riƙa biyo baya a waƙa mai sauri. A sa allon talabijin da ke nuna hannun madugu a gaban dandamali, a koya musu bin ido maimakon kunne.

Kiɗan buɗe fage shi ne abin da akan bari sai ƙarshe, a buga shi sau ɗaya a gurguje. A wasan da kowa ya sani ana iya tsira da haka. A wasan da babu wanda ya taɓa ji, waɗannan mintoci huɗu ko biyar su ne karon farko da 'yan kallo za su ji waƙoƙin, kuma su ne za su sa waƙar ta zama sananniya a kunnensu idan jaruma ta ɗauko ta bayan rabin sa'a. Ka ware masa cikakken minti 30 a zama na biyu, ka fi mai da hankali kan gadojin da ke tsakanin waƙa da waƙa, inda gudu da kii ke canzawa a gaɓa ɗaya.